Yaushe Abu Ke Karyewa?

A ƙasar Rasha, cikin yankin Siberiya, akwai wani tafki da ake kira Baikal, zurfinsa ya fi mil guda. Daga watan Janairu sanyi kan daskarar da fuskarsa, ƙanƙara ta yi kauri wajen ƙafa 3, har motoci su bi ta kanta. A shekarar 1904 ma an shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa a bisanta.

Amma wajen watan Mayu sai a ji ta tana ruri kamar aradu, tana darewa, gutsattsarinta suna bugun juna kamar fasassun kwalabe. Baƙo sai ya ce yau ta karye. Masunci kuwa ya san ba haka ba ne. Tun makonni da suka wuce hasken rana ke ratsa ta, yana cin ta daga ciki, har ta zama kamar tsinkaye da aka jera a tsaye. Iska ƙarasa aikin kurum ta yi.

Haka sha'anin amana yake tsakanin 'yan'uwa, ko miji da mata. Ran da maƙwabta suka ji hayaniya, sukan ɗora laifi a kan kalmar ƙarshe. Alhali kuwa ƙananan ƙarairayi da alkawuran da ba a cika ba sun daɗe suna ɓarna shiru. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Masunci ba ya yarda da kyan fuskar ƙanƙara, sai ya soka mata ƙarfe tukuna ya taka. Mai hankali ma haka yake bincikar zumuncinsa tun ana gaisawa, gama ran da aka ji ƙara, lokacin gyara ya ƙure.