Ɗan Hakin da Ka Raina

Hausawa na cewa ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Galibi akan kawo wannan karin magana a kan abokin gabar da aka ɗauka bai kai ya kawo ba. Amma akwai inda ta zauna daram, wato ƙaramin ofishin kuɗi, inda mutum huɗu ko biyar ke wuni a ɗaki ɗaya: kashiya, mai shirya albashi, mai duba baucha, da akantan da ke sa hannun ƙarshe. A irin wannan ɗaki da wuya ka rasa wanda ba ka ganinsa da gashi. Wani nawarsa ce ke ba ka haushi, wani surutunsa, wani kuwa ka san hanya ce ta kawo shi kujerar. Raina irin wannan mutum ba shi da wuya, sai dai a aikin kuɗi raini kasada ce, kuma mai rainin ne ke fara kwana a ciki.

Dalili kuwa, an gina aikin lissafi ne a kan kada hannu ɗaya ya riƙe komai. Wanda ya shirya baucha ba shi ke amincewa da ita ba, wanda ya amince ba shi ke biya ba, wanda ya biya kuma ba shi ke daidaita littafi da takardar banki a ƙarshen wata ba. Bankin Barings na Ingila, wanda aka kafa tun 1762, ya durƙushe a 1995 saboda an bar wa ma'aikacinsa Nick Leeson ciniki da kuma rubuta lissafin cinikin a reshen Singafo, ya yi ta ɓoye asara har ta kai fam miliyan 827. Raini kan buɗe irin wannan kafa ba tare da an ankara ba. Idan ka raina abokin aiki, sai ka fara tsallake teburinsa, kana yin aikinsa da kanka wai don a yi sauri, ka wayi gari kai ne mai shiryawa kai ne mai dubawa. Ran da ya ce maka wannan rasit bai yi daidai da baucha ba, sai ka dubi mai maganar ka ƙi duban maganar. A 2002, a kamfanin WorldCom na Amurka, ƙaramin rukunin masu binciken cikin gida ƙarƙashin Cynthia Cooper ne ya tono aringizon dala biliyan 3.8, bayan shugaban sashen kuɗi ya nemi su jinkirta binciken.

Wani zai ce ai akwai wanda da gaske bai cancanci girma ba, malalaci ne ko mai ha'inci. Haka ne, kuma karin maganar ba ta ce haki bishiya ba ne. Cewa ta yi kada ƙanƙantarsa ta sa ka sake. Girmamawa daban, yarda daban. Kana iya ba mutum haƙƙin kujerarsa, ka gaishe shi, ka saurare shi, ka miƙa masa fayil a kan lokaci, amma ka bi lissafinsa layi-layi, duk abin da kuka yi magana a kai kuma ka sa shi a rubuce. Wannan ba cin fuska ba ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu, alhali masu mu'amalar muminai ne. Rubutu na kare mai gaskiya daga mantuwa da zargi, yana kuma rufe wa mara gaskiya ƙofa.

Wani kuma zai ce sakin fuska ga wanda ba ka ganin girmansa munafunci ne. Munafunci shi ne ka yi masa dariya a ofis, ka ci namansa a wurin mai shayi. Wanda ya riƙe harshensa a gaba da bayan ido, ya kuma faɗi gyara a kan aiki ba tare da taɓa mutunci ba, ya yi adalci. Riƙe harshen da ake nufi kuma bai haɗa da rufa wa ɓarna asiri ba. Idan lamarin ya wuce sakaci ya kai ga taɓa amana, sai a tattara takardu a kai wa shugaba ko odita, domin a ofishin kuɗi wanda ya gani ya yi shiru, sa hannunsa na nan a kan baucha ran da bincike ya zo.

Ba a zaɓar abokin aiki yadda ake zaɓar aboki, kuma ba dole ba ne zuciya ta so kowa. Abin da ke hannun ma'aikaci shi ne ya hana ƙyamar da ke ransa shiga littafin lissafi. Idan ƙarshen wata ya zo lissafi ya ƙi daidaita, mai yiwuwa wanda ka fi rainawa a ɗakin ne zai hango sifilin da ya kuɓuce maka, kuma ba zai nuna maka ba sai in ka bar masa ƙofar magana a buɗe.