Addu'ar Wa Allah Ya Ji a Gettysburg?

Wanda tafiyar mota ta bi da shi ta jihar Pennsylvania a Amurka yana iya ratsewa garin Gettysburg. Bayan gari gonaki ne da 'yan tuddai, shiru kake ji, sai tsofaffin igwa da duwatsun tunawa, baƙi suna ta ɗaukar hoto. A nan ne sojojin jihohin arewa da na kudu suka gwabza daga 1 zuwa 3 ga Yuli 1863, a yaƙin basasar ƙasar. Matattu, da masu rauni, da waɗanda aka kama ko suka ɓace sun kai wajen 50,000.

Abin da zai fi damun mai bi a wurin shi ne, yawancin mutanen nan, ta kowane gefe, sunan Yesu suke kira. Littafi Mai Tsarki ɗaya suke karantawa, kowace runduna da fastocinta masu roƙon nasara. Ikkilisiya ma ta riga ƙasa tsagewa: 'yan Methodist a 1844, 'yan Baptist a 1845, duk a kan bauta. To, addu'ar wa Allah ya ji?

Kada mu yi saurin cewa duk kanwar ja ce. Mutum kusan miliyan 4 suna cikin bauta, ana sayar da uwa dabam, ɗanta dabam, kuma an sami masu wa'azi da suka buɗe Nassi suka kāre wannan. Zunubi ne, ba shi da wani suna. Amma kasancewarka da gaskiya a kan magana ɗaya ba ta mai da Ubangiji sojanka. Ku duba Joshuwa sura 5. Kusa da Yariko, Joshuwa ya tambayi mai riƙe da takobi ko nasu ne ko na abokan gāba. Bai ba shi amsar da yake so ba, sai ma ya sa shi tuɓe takalmi, alhali Joshuwa ne ke da alkawari a hannu.

A kan tudun da ke yammacin garin akwai makarantar tauhidi ta Lutheran, wadda aka kafa a 1826. Ranar farko faɗa ya iso har harabarta, ginin ya koma asibiti. Inda ɗalibai ke koyon wa'azi, nan aka shimfiɗe ɗaruruwan masu rauni, na arewa da na kudu, likitoci suna yanke ƙafafu da hannuwa, kowa yana nishi yana neman ruwa.