Bakin Rago da Shirun Kwalba: Shin Ɓoye Shekarun Kaya Algus Ne?

Masu iya magana sun bar wa Bahaushe zantuka biyu waɗanda ba kullum suke shan inuwa ɗaya ba. Na farko ya ce da tsohuwar zuma ake magani. Na biyu kuwa ya ce yaro da gari abokin tafiyar manya ne. Ɗaya ya ba shekaru girma, ɗaya ya nuna cewa abin da ke hannu yakan cike giɓin shekaru. A wajen hira, zantukan nan ba sa faɗa da juna, domin kowa yakan ɗauki wanda ya yi masa daidai. A kasuwa ne rigimarsu take tashi, inda shekaru ke da farashi. A nan ne tambaya take fitowa fili: idan mai kaya ya san shekarun kayansa sarai, amma ya zaɓi ya yi shiru, ya ci amanar mai saye ko kuwa bai ci ba?

Garin Gidimuni, wanda yake kimanin kilomita 70 gabas da birnin Zinder a kan hanyar Gure, wuri ne da ya dace a fara wannan nazari daga gare shi. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya ratsa ta wurin a watan Disamba na 1852 a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa fadar Damagaram, ya kuma ba da labarin tafki biyu manne da juna, ɗaya na ruwan daɗi, ɗaya na kanwa. Daga nesa duk ruwa ne, harshe kaɗai ke raba su. Cinikin wannan ƙasa ma a kan haka ya ginu. Mai sayen dabinon Gidimuni ba ya tambayar takarda, sai ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya kai baki. Mai sayen kanwa yakan gutsura ya lasa, mai sayen rake yakan duba gaɓa.

Misalin da ya fi kowane fitowa sarari shi ne na dabbar layya, domin a nan shari'a da kanta ta gindaya shekaru. A mazhabar Malikiyya, rago sai ya cika shekara guda, sa sai ya cika 3 ya shiga ta 4, raƙumi kuwa sai ya cika 5 ya shiga ta 6. Duk da haka babu rago ko ɗaya, Balami ne ko Uda, da ake rataya wa takardar haihuwa a wuya. Dillali na iya rantsuwa iyakar son ransa, amma mai saye zai kama haɓar ragon ya buɗe bakinsa ya ga ko ya yi famfara. Shirun mai rago ba ya cutar da kowa, domin shaidar tana cikin bakin dabbar, kuma hannun mai saye yana iya kaiwa gare ta.

To, yaya lamarin yake idan kayan a rufe suke, ba su da bakin da za a buɗe? Wurin da aka fi tafka muhawara a kan wannan tambaya a ƴan shekarun nan yana nesa da Damagaram, kuma a kan wata haja ce da Musulunci ya haramta shanta da sayar da ita, wato barasar da ake kira wuski ta ƙasar Sikotland. Mai karatu ba ya bukatar kusantar kwalbar kafin ya amfana da gardamar, domin abin da ake jayayya a kansa amana ce tsakanin mai saye da mai sayarwa, ita kuwa amana ba ta da ƙabila.

Mafi daraja a cikin irin wannan barasa ita ce wadda aka yi da tsiron sha'ir zalla, a matata guda, ba a gauraya ta da ta wani gida ba. Dokar Birtaniya ta 2009 ta ce ba za a kira ta da sunan Sikotland ba sai ta kwana aƙalla shekara 3 a cikin gangar katako a ƙasar. Ta kuma ce idan za a rubuta shekaru a jikin kwalba, to, na mafi ƙuruciyar abin da aka zuba a ciki za a rubuta. Amma ba ta tilasta wa kowa ya rubuta ba. Shekara da shekaru kamfanoni suna koya wa masu saye cewa 12 ta fi 10, 18 ta fi 12, suna kuma ɗora farashi bisa wannan tsani. A 2010 kamfanin Chivas Brothers har yekuwa ya yi ta musamman don jaddada muhimmancin shekaru.

Sai kasuwa ta juya. A shekarun 1980 kaya sun yi kwantai, aka rage aiki, aka rufe matatu irin su Port Ellen da Brora a 1983. Da masu saye suka yawaita bayan 2000, musamman a nahiyar Asiya, sai aka waiwaya aka ga tsofaffin ganguna sun yi ƙaranci, kuma babu dabarar da za ta sa a sami shekara 12 cikin shekara 5. Daga 2012 kamfanin Macallan ya sauya wasu kwalabensa masu shekaru da wani jeri da aka raba bisa launi. A 2015 gidan Glenlivet, wanda yake ƙarƙashin Chivas Brothers ɗin nan, ya janye mai shekara 12 daga wasu kasuwannin Turai na wani lokaci, ya kawo Founder's Reserve wadda ba ta da lamba. A wannan shekara kuma kamfanin Nikka na Japan ya dakatar da masu shekaru na Yoichi da Miyagikyo.

Masu kare wannan tsari suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Sun ce lamba tana ƙirga kwanaki ne kawai, ba ta faɗin abin da kwanakin suka aikata. Gangar da ta gaji za ta riƙe abu shekara 20 ba ta ƙara masa komai ba, sabuwa kuwa ta gyara shi cikin 7. Yanayi ma yana da tasa rawar: a sanyin Sikotland kimanin kashi 2 cikin ɗari ne ke tsiyayewa daga ganga a shekara, a zafin Bangalor ta Indiya kuwa ya haura kashi 10, abin da ke ciki kuma yakan nuna da wuri. Manomin Gidimuni, wanda dabinonsa kan yi huda sau biyu a shekara alhali na Kawar sau ɗaya yake yi, ba zai yi mamakin jin cewa shekara ba tsawonta ɗaya ba a ko'ina. Sun ƙara da cewa wasu daga cikin kwalaben da masana wannan haja suka fi yabo ba su taɓa ɗaukar lamba ba, kamar A'bunadh ta gidan Aberlour da Uigeadail ta gidan Ardbeg, wadda ta fito a 2003 da sunan tafkin da matatar ke ɗiban ruwa.

Duk wannan gaskiya ne, amma amsa ce ta wata tambaya dabam. An tambayi ko shiru ya halatta, sai aka amsa da cewa shekaru ba su ne inganci ba. Ma'aunin da ya dace da tambayar yana cikin littafin da kusan kowane almajirin ilimi a Damagaram ya ratsa, wato Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996. A babin ciniki, malamin bai tsaya ga haramta ƙarya da ɓoye aibi da gauraya mai kyau da maras kyau ba. Ya hana mai sayarwa ya ɓoye duk wani abu game da hajarsa wanda da ya faɗe shi mai saye zai ƙyamace ta, ko kuma farashinta ya faɗi. Ƙuruciya ba aibi ba ce, amma idan an san ambatonta zai rage kuɗi, aka kuma yi shiru saboda haka, to shirun ya shiga cikin abin da aka hana.

Bisa wannan ma'auni, shiru kashi uku ne. Akwai shirun wanda bai sani ba. Dattawa da yawa a Nijar suna riƙe da takardun da aka rubuta musu kalmomin Faransanci biyu, né vers, wato an haife shi wajejen shekara kaza. Wannan ba ha'inci ba ne, iyakar sani ce aka faɗa yadda take. Akwai shirun wanda kayansa suke magana da kansu, kamar mai rago da mai dabino, ko gidan da bai taɓa jingina farashin wata kwalba da shekaru ba tun ranar da ya fito da ita. Sannan akwai shiru na uku, na wanda ya san lambar, ya san mai saye yana zaton wata lamba ce dabam, ya kuma san daga wannan zato ribarsa take fitowa. Wanda ya daɗe yana koya wa mutane cewa shekaru ne ma'auni, ranar da rumbunsa ya yi ƙasa ya share lambar ya bar suna da farashi yadda suke, bai furta ƙarya ba, amma ya bar tsohuwar maganarsa tana yi masa aiki bayan ta daina zama gaskiya.

Kada kuma a ɗauka rubuta lamba kaɗai ya wadatar. A 2015 wani ƙaramin kamfani mai haɗa wuski na gidaje dabam-dabam, Compass Box, ya bayyana shekarun kowane kashi da ya zuba a cikin wasu kwalabe biyu, sai aka sanar da shi cewa doka ba ta yarda a tallata kowace lamba ba sai mafi ƙanƙanta. A 2016 ya mai da martani da wata kwalba da ya rubuta wa shekara 3, alhali mai shekara 3 a cikinta bai kai kashi 1 cikin ɗari ba, sauran duk sun girme shi nesa ba kusa ba. Ga lamba ta gaskiya a idon doka, amma hoton da take bayarwa karkatacce ne. Dokar da aka kafa don hana ƙarin gishiri ta wayi gari tana hana cikakken bayani. Abin nema ke nan ba lamba ba ce don kanta. Abin nema shi ne mai saye ya bar wurin da sani daidai da abin da ya biya.

Wannan darasi ya fi shafar kasuwannin Zinder da Mirya da Gidimuni fiye da yadda ake zato, domin kayan da ake iya taɓawa suna raguwa, na cikin leda da gwangwani da kwalba suna ƙaruwa. Irin shuka da ya kwana shekaru a shago kamarsa ɗaya da na bana, amma manomin da ya zuba shi a garka sai ya yi asarar lokaci guda kafin ya gane. Ƙwayar maganin da aka ɓalle daga kwalinta aka sayar ɗai-ɗai a kan faranti ta rabu da kwanan watan lalacewarta, mai jinya kuwa ba shi da haƙorin da zai duba. Zumar da aka ce tsohuwa ce, wa ya ga ranar da aka ɗebe ta? A irin wannan ciniki mai saye ya koma mai sayen biri a sama, ba don sakacinsa ba, sai don an rufe abin da da can yake a buɗe. Hadisi ya zo da labarin ranar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannunsa cikin tulin abinci a kasuwa ya tarar da danshi a ƙasa, ya kuma tuhumi mai shi don bai ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani ba. Mai abincin bai ce wa kowa busasshe ne ba. Jerawa kawai ya yi.

Saboda haka nauyin bayani yana ƙaruwa gwargwadon yadda murfi ya yi ƙarfi. Wanda ya bar kayansa a fili yana iya yin shiru, wanda ya liƙe su kuwa ya ɗauki alkawarin zama idon mai saye da harshensa. Yana da ikon ya ce kayana sabo ne kuma ya fi tsoho kyau, ya tsaya a kan maganarsa, kasuwa ta yi hukunci. Abin da ba shi da iko a kansa shi ne ya sayar da sabo da kuɗin zaton tsufa. Mai kaya da ke son ya gane matsayin shirunsa, tambaya ɗaya ta ishe shi tun kafin ya buɗe shago: da an tilasta masa ya faɗi shekarun, zai iya riƙe farashin nan ba tare da ya sunkuyar da kai ba? Allah shi ne mafi sani.