Maigidan da Ba a Kai Ƙararsa

Mu mazauna zango mun san zama a gidan wani. Kakanninmu da suka gangaro kudu fataucin goro da shanu, kowa da maigidansa: shi ke ba shi masauki, shi ke ajiye masa kuɗi, shi ke tsaya masa in ciniki ya rikice. Amma ranar da maigida ya ci amana, akwai Sarkin Hausawa, akwai liman, akwai dattawan unguwa. Ikonsa yana da iyaka, domin akwai inda ake kai ƙararsa.

To, yau duniya ta samu sabon masauki, wato intanet, kuma hatta shugabannin ƙasashe baƙi ne a cikinsa. A Janairun 2021 kamfanin Twitter ya rufe shafin Donald Trump, alhali yana kan kujerar shugabancin Amurka. A Yunin shekarar ya goge wani saƙo na Shugaba Buhari, gwamnati ta fusata ta dakatar da shi a Najeriya, ba a buɗe ba sai 13 ga Janairun 2022. Da can rigimar ƙasa da ƙasa muka sani, ta jakadu da sojoji a bakin iyaka. Wannan karon ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 ce ta shafe watanni tana neman daidaitawa da kamfani guda.

Wa ke da gaskiya? Wasu cikinmu sun ce ai gidansa ne, wanda ya shiga gidan mutum dole ya bi dokarsa. Wasu suka ce a'a, wa ya zaɓi kamfanin waje da zai toshe bakin shugaban da jama'a suka zaɓa? Kowane ɓangare da hujjarsa. Sai dai mu duba abin da ya biyo baya. Gwamnati an kai ta ƙara, kuma a Yulin 2022 kotun ECOWAS ta ce dakatarwar ta saɓa doka. Kamfanin fa? A Oktoban 2022 Elon Musk ya saye shi kan dala biliyan 44, wata guda bayan haka ya mayar wa Trump shafinsa. Gida ɗaya ne, maigida kawai aka sauya, hukunci ya juye, ba alƙalin da ya zauna.

Nan ne damuwarmu take. Ƙarfi shi kaɗai ba aibu ba ne, kowace al'umma tana da masu ƙarfi. Abin tsoro shi ne ikon da ba mai ce masa "don me?". Mugun gwamna ma yana da wa'adi, amma wanda ya sayi dandalin da duniya ke magana a kai, yaushe wa'adinsa zai cika?

Kada mu ce wannan ta manya ce. Farashin tumatir da albasa daga arewa, kuɗin da muke aika wa gida, labarin rikici kafin ya iso ƙofarmu, duk ta waya suke bi. Ba mu ce a bar waya ba, wallahi ba ma iyawa. Amma kayan aro ba ya rufe katara. Mu riƙe zaurenmu da masallacinmu da ƙungiyoyin kasuwarmu, inda muka san fuskar mai magana. Duk ɗan siyasar da ya zo neman ƙuri'armu kuma, mu tambaye shi: ranar da sabon maigidan nan ya zalunce mu, ƙofar wa za mu ƙwanƙwasa?