Saƙa biyu

Kalmar saƙa aiki biyu take yi a Hausa. Akwai wadda hannu ke yi da kaba ko zare, akwai wadda zuciya ke yi in barci ya ƙi zuwa, mutum yana ta saƙa da warwara. Ta farko ana kai ta kasuwa, ta biyu kuwa ramar da mai ita take yi. To, zaman da mata ke yi suna saƙar tabarma tare, zaman gulma ne kamar yadda wasu maza ke faɗi, ko akwai alheri a cikinsa?

Ƙasar Madawa ta yi suna da tabarmi. A Bangi da ƙauyukanta, in an gama kaka, maza da yawa sai su tafi cin rani Najeriya, Abijan ko Libiya, kamar dai ƴan'uwansu na Buza da Keita. Mata ke saura da ɗiya da rumbu. Lokacin ne suke taruwa a inuwa ɗaya, wannan na tsaga kabar goruba, waccan na rini, wata na saƙa ta dogo-dogo kafin a haɗa a ɗinke.

Mu dubi matar da mijinta ya yi wata biyar babu waya, babu aike. Kunya ta hana ta kiran sunansa, balle ta ce tana kewarsa. In an zaunar da ita ido cikin ido aka ce ta faɗi damuwarta, “ba komi” kawai za a ji. Amma wurin saƙa idon kowa na kan kaba. Tsohuwa na iya cewa, ba tare da ta ɗaga kai ba, “Shiru hal yau?” Ta ce, “Shiru, Inna.” Tsohuwar ta ce, “Nau ma haka ya yi shekarar da munka rasa hatci, kuma ya komo.” Shi ke nan, ba a ƙara ba. Washegari sai ga yarinya da tiyar gero, wai a taya Inna surfe a riƙe rabi. An taimaka, ba a kunyata kowa ba.

Masu sukar ma suna da hujja. Ana gulma a wurin, kuma giba zunubi ce babba. Akwai wadda habaici ɗaya ya hana ta komawa har abada. Sai dai mu matasa da ke kwana a fada muna shan shayi, mu ma muna cin naman mutane, kuma ba mu tashi da ko faifai. Laifin na baki ne, kuma maganinsa tsohuwa mai tsawatarwa, ba watsa taro ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro tabarmar roba ce, mai arha, mai jure ruwa. In ta kori ta kaba, kuɗin cefane zai ragu, kuma wata hujja za ta ɓace. Mace ba ta iya cewa uwar mijinta, “Zan fita in huce baƙin ciki.” Amma tana iya cewa, “Zan kai kabata gidan Inna,” a ce mata a dawo lafiya. Ranar da babu kabar ɗauka, saƙa ɗaya za ta rage mata, wadda ake yi a ɗaki, cikin dare, ita kaɗai.