Darasi: Magana Mai Gishiri

Abin karantawa: Kolosiyawa 4:2-6, da Fitowa 23:1

Manzo Bulus ya gargaɗi Kolosiyawa su gyara maganarsu kamar yadda a kan gyara miya da gishiri. Mu mutanen Awe ba mu bukatar mai fassara mana wannan misali, gama gishiri ne ya fid da sunan garinmu tun zamanin kakanni, tare da Keana da Azara. Amma mu lura da aikin iyayenmu mata. Ba su kan kwaso ƙasar gishiri su zuba a miya haka nan ba. Sai sun sa ta cikin tukunya mai huji, sun kwarara ruwa ya tsiyaye, kana su dafa ruwan har ya ƙafe. Abin da ya bi ta tacewa da wuta, shi kaɗai ke zuwa kasuwa.

Yanzu fa samarinmu da 'yammata, da 'yan makaranta da ke karatu a Lafiya, galibinsu da waya a hannu. Labari ya kan shigo WhatsApp ko Facebook da dare, kafin carar zakara ya ratsa gidaje da yawa, ba wanda ya tace shi.

Mu tuna da watan Agusta na 2014, bayan da cutar Ebola ta shiga Ikko. Saƙo ya bazu cikin wayoyi cewa a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha, wai rigakafi ne. Ƙarya ce. Aƙalla mutum 2 suka mutu, aka kwantar da waɗansu a asibiti. Masu tura saƙon kuwa, yawancinsu ba mugaye ba ne. 'Ya'ya ne da suka ta da iyayensu da asuba domin ƙauna. Nan abin tsoron ya ke. Shari'ar Musa ba ta tsaya ga mai ƙaga ƙarya kaɗai ba, ta kama har mai ɗaukarta ya kai gaba. Kada ɗan'uwa ya ce, "Ni dai turawa na yi." A ƙasarmu, inda rikicin manoma da makiyaya ya sha cin rayuka, hoton gawa guda, wanda ba a san garinsa ko shekararsa ba, ya isa ya tashi ƙauye.

Mai bi da darasi ya roƙi kowane mai waya ya duba labarin da ya tura na ƙarshe, ya gaya wa 'yan'uwa bakin wanda ya fara faɗinsa, in ya sani.