Hulba, Zogale da Tambayar Tawakkali

A kusan kowace tashar mota daga Kano zuwa Maraɗi akwai mai magani da lasifikarsa, kuma ciwon suga ba ya ɓacewa a jerin cututtukan da yake ambata. Zai kira hulba, ya kira garahuni da shuwaka da ganyen zogale, ya rufe da habbatus sauda. Jama'a na saye, ba kuma wauta ce ke sa su ba. Maganin asibiti na da tsada, shansa ba ya ƙarewa, ga likita ya riga ya ce wannan ciwo lallaɓa shi ake yi, ba a rabuwa da shi. Wanda ya ji haka, sannan ya ji wani na cewa kwalba uku ta isa, dole zuciyarsa ta karkata.

Inda maganar ta zama ta addini shi ne lokacin da mara lafiya ya ajiye ƙwayoyinsa yana ganin ya bar maganin Bature ya koma na Musulunci, har yana jin imaninsa ya ƙaru. Shin tawakkali yana cikin irin maganin da mutum ya zaɓa?

Tarihin ƙwayar da ya ajiye ɗin ma bai goyi bayan wannan rabe-raben ba. Metformin, wanda akasarin masu ciwon suga nau'i na biyu ke sha, asalinsa wani tsiro ne mai suna galega da mutanen Turai suka daɗe suna jiƙawa. Masana suka gano sinadarin da ke sauke suga a cikinsa, suka ga yana da guba, suka yi ta gyara har wani likitan Faransa, Jean Sterne, ya gwada metformin a kan marasa lafiya a 1957. Abin da ya raba ƙwayar da jiƙon ganye shi ne an san adadinta, an san illarta.

Tsirranmu ma ba fanko ba ne. Hulba na da wani yauƙi da ke rage saurin shigar suga cikin jini bayan cin abinci, kuma ƙananan gwaje-gwaje sun nuna tana ɗan saukar da shi. An gwada ɗan'uwan garahuni na Asiya sau da dama, sakamakon bai tsaya wuri ɗaya ba. Zogale da shuwaka kuwa yawancin shaidarsu daga ɓeraye ta fito, ko da yake a tukunyar miya babu mai musun amfaninsu. Babu ko ɗaya a cikinsu da zai maye gurbin insulin ga yaron da jikinsa ya daina yin sa. Kafin a gano insulin a Toronto a 1921, irin waɗannan yara mutuwa suke yi, alhali duniya cike take da ganye. Akwai kuma haɗarin haɗa jiƙo mai ƙarfi da ƙwaya irin glibenclamide: suga ya faɗi ƙasa da 70 a na'urar gwaji, mutum ya hau gumi da karkarwa, wani lokaci har ya suma.

Malaman farko sun fi masu lasifika taka-tsantsan. Hadisin da ya ce akwai waraka daga kowace cuta a habbatus sauda ingantacce ne, yana cikin Bukhari da Muslim. Amma Ibn Hajar, a Fathul Bari, ya kawo fahimtar Khaɗɗabi cewa lafazin gama-gari ne da ake nufin wasu cututtuka da shi. Ya kuma kawo Alƙali Ibnul Arabi yana kafa hujja da zuma: Alƙur'ani ya yabe ta, duk da haka akwai mara lafiyar da in ya sha za ta cutar da shi. Mai ciwon suga da ake ɗura wa zuma cokali-cokali da sunan sunna ya fi kowa buƙatar jin wannan. Hadisin Jabir a Muslim ma ya rataya waraka ne a kan maganin ya dace da cutar, da izinin Allah. Dacewa kuwa sai da sani. Abu Dawud ya ruwaito cewa da Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas ya yi rashin lafiya, Manzon Allah (SAW) ya tura shi wurin Harisu ɗan Kalada, likitan Banu Saƙif, saboda sana'arsa ce.

Ke nan tawakkali aikin zuciya ne, yana tare da mai allurar insulin kamar yadda yake tare da mai shan hulba. Zaɓen sababi kuwa aikin hankali ne, kuma a wannan ciwo akwai alƙali mai sauƙin samu: na'urar gwajin suga. Wanda ya yarda da jiƙonsa sai ya gaya wa likitansa, ya riƙa gwadawa da safe kafin ya karya, ya rubuta. In lambar ta ƙi sauka, jiƙon bai dace da cutar ba, kowane suna aka laƙaba masa.

Shi ma mai sayarwa yana da nasa hukuncin. Lambar hukumar NAFDAC da ke jikin kwalbar maganin gargajiya ba shaidar yana warkarwa ba ce, shi ya sa ake rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. A fiƙihu kuma, bisa hadisin da Abu Dawud da Nasa'i suka ruwaito, wanda ya yi wa mutane magani ba a san shi da ilimin likitanci ba, shi zai ɗauki lamunin ɓarnar da ta biyo baya, ko ƙafa aka yanke ko ƙoda ta lalace.